Ranar da aka kawo mana dabino marar ƙwallo

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo mini ta gemu ba, lokacin ina jan wata tsohuwar mota tsakanin unguwannin Kudai da Rusaifa, an yi wani abu a cikin jama'armu wanda har gobe in na tuna sai na ji kafaɗuna sun ɗaga da kansu. Motar nan kuwa ku bar ta kawai. In na tayar da ita da safe, har 'yan Jidda sun san na fito aiki. In ta zo hawa tudu, fasinja da kansa yake fara yi mata addu'a.

Bari na fara gaya muku mene ne jama'a, don na san wasunku ba a nan Makka suka tashi ba. Mu Hausawan tsohuwar unguwarmu muna da wata haɗaka da ba ta da ofis, ba ta da hatimi, ba ta ma da suna. Jama'a kawai muke ce mata. Kakanninmu da suka taho a ƙasa, suka yi shekaru a hanya, suka tsallako teku, suka yi aikin Hajji suka zauna, su suka kafa ta. In an yi rasuwa, jama'a ce ke dafa abincin zaman makoki. In biki ne, jama'a ke ba da tukwane da tabarmi. In mutum biyu sun saɓa, jama'a ke kashe wutar tun hayaƙi bai fita waje ba.

Tukwanen nan a hannun mahaifiyata suke. Ta gada wajen uwarta, ita ma ta gada wajen tata uwar. Babbar cikinsu, wallahi in ka faɗa ciki sai an kira 'yan kwana-kwana sun zo da tsani. Ni a gindin tukunyar nan na girma, kuma duk ƙarfin da kuke gani a damtsena ba na motsa jiki ba ne, na kankare ƙanzo ne.

To amma abin da ya fi tukwane daraja a gidanmu shi ne wasu kwanuka biyu masu murfi, ɗaya fari ɗaya ja, duk fentinsu ya ɓamɓare. Da su ake yin doka. In za a kafa wata ƙa'ida ko a canza wata, sai a tara mutane, a zaga da faranti na dabino, kowa ya ɗauki ɗaya ya ci. Sai a rataya zane a lungu, a ajiye kwanukan a baya. Ka shiga kai kaɗai, ka jefa ƙwallon dabinonka. Fari, ka yarda. Ja, ba ka yarda ba. Ba wanda ya ga hannunka. Kakata takan ce ba a yi wa mutane doka da ɗacin baki, shi ya sa ake fara cin zaƙi.

Wa ke da ƙwallo? Duk wanda ya taɓa wanke tukunyar jama'a, ko ya shimfiɗa tabarma, ko ya sa kafaɗa a makara. Ba a tambayar ka takarda. Wanda aka haifa a nan da wanda ya zo Hajji bara ya maƙale, ƙwallonsu nauyi ɗaya ne. Abu ɗaya kawai aka ware wa gidajen farko, wato zuriyar waɗanda suka kafa abin: ba a taɓa wata doka sai an taka ƙafa an je har gida an gaya wa tsofaffinsu, kuma in an zauna su ke fara magana.

Haka muke har aikin faɗaɗa gari ya iso unguwarmu, aka watse. Wasu suka koma Shisha, wasu Kudai, mu muka samu wani ɗan gida a hawa na uku a Rusaifa. Ranar da muka hau da babbar tukunyar nan ta matakala, na ga abin da ya fi aikin ɗaukar kaya a tasha. Taro ya yi wuya. Tsofaffin maza suka gaji, suka miƙa shugabanci ga matasa, kuma wanda aka ɗora shi ne abokina.

Abokin nan nawa tare muka taso, tare muka sha duka a makarantar allo. Shi ya yi karatu ya samu aikin ofis, ni na yi karatun titi. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman sa ba. Sai dai Hausarsa irin motata ce, sai an tura take tashi, in ta yi tafiya kaɗan kuma ta koma Larabci. Kuma yana da cutar nan ta masu ofis: in abu bai shiga cikin waya ba, a wurinsa bai faru ba.

Ya buɗe mana zaure a waya. Wata rana da rana tsaka ina layin jiran fasinja sai ga dogon rubutu da Larabci, wai sabon nizami, wato sabon tsari na jama'a. A ƙarshe an ce duk mai ƙorafi ya rubuto kafin Juma'a, in ba a ji komai ba an amince ke nan. Na ga kowa yana aika babban yatsa. Ni da ko takardar magani ba na karantawa har ƙarshe, na aika nawa yatsan, har da fure.

Da na koma gida cin abincin rana sai na tarar da baƙuwa. Wata dattijuwa ce mai sayar da dabino a bakin hanya wajen Kudai, ta zo daga ƙasar Nijar shekaru da yawa, ba ta da takardar zama. Ba a taɓa yin rasuwa a jama'armu ba ta zo da soso a hannu ba. Na gaishe ta, ta amsa a sanyaye. Mahaifiyata kuwa ko kallon farantina ba ta yi ba.

“An ce an yi doka,” in ji ta.

Na ce, “Wace doka kuma, Umma?”

“Kai za ka gaya mini. Ba kai ne mai waya ba? Karanta.”

Na ciro waya na fara karantawa ina fassarawa, muryata tana raguwa kamar mai a tankin motata. Ashe abin da na sa wa fure ke nan. Daga yanzu kwamiti ne zai riƙa yin doka shi kaɗai, ba sai an tara mutane ba, don a rage ɓata lokaci. In ma ta kama a ji ra'ayi, ta waya za a ji, kuma sai masu iƙama, wato takardar zama, ko katin ɗan ƙasa. Tukwane kuma an sallame su, za a riƙa sayo abincin makoki daga wani gidan dafa abinci.

Dattijuwar nan ta sunkuyar da kai. Ɗan maƙwabciyarta ne ya karanta mata, shi ya sa ta zo ta ji ko gaskiya ne an cire irinsu.

Mahaifiyata ta ce, “Wa ya tako ya gaya mini?”

Na ce, “Umma, ai an sa a waya. Yanzu haka duniya take.”

“Wayar ce ta wanke tukunya?”

Ta sake jefo wata.

“Wayar ce ta ɗauki gawar ubanka?”

Na ajiye cokali. Jama'a, akwai tambayar da in uwa ta yi maka, shinkafa sai ta koma tsakuwa a baki.

Na fita baranda na kira abokina. Na ce, “Ya shehi, ka tono mana rijiya.”

Ya ce, “Lesh? Me ya faru? Kowa ya yarda. Kai ma ka yarda, har fure ka aiko.”

“Furen ta'aziyya ne, ba ka gane ba. Ka je ka gaya wa Umma?”

“Ya ahi, ɗan'uwa, ina lokaci? Wannan a Shisha, wannan a Kudai. Ai wannan ita ce dimokuraɗiyya, kowa ya danna daga ɗakinsa.”

Na ce, “Dimokuraɗiyyar masu caji ke nan. Tsohuwar da wayarta ke ƙulle a bakin zane, ba ta san komai ba sai koren maɓalli da ja, ita wa zai danna mata?”

Gaskiya ya kawo hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Ya ce ina za a hura wutar babbar tukunya a gidan bene? Ya ce matan da ke girkin duk sun tsufa, 'yan mata kuma suna makaranta da aiki. Ya ce in ana so abin ya zama mai tsari, sa marasa takarda a ciki zai iya jawo musu matsala su kansu. Na ce duk na ji, amma ya zo ya maimaita a gaban Umma, ni ba zan ɗauki wannan saƙon ba ko da kuɗin zuwa Madina. Ya yi dariya ya ce tayyib, ya yarda, zai kama istiraha, irin gidan hutun nan da ake haya don taro, ranar Alhamis daga la'asar zuwa magariba. Ya ce, “A zo a yi, ka ga mutane za su zaɓi ci gaba.”

Alhamis fa, Juma'a na bakin ƙofa. In aka tashi ba a yanke komai ba, nizaminsa ya zauna daram.

Ranar, tun azahar na zama motar gwamnati. Mahaifiyata a gaba, kwanuka biyu a cinya ƙulle cikin ɗankwali, tana ba ni umarni kamar ita ta shimfiɗa titunan Makka. Na kwaso tsofaffi daga Shisha na sauke, na koma Rusaifa na kwaso, na sake komawa. A sawu ɗaya in aka haɗa shekarun da ke cikin motar nan, sun isa a kafa daula. Wannan ta ce na kashe sanyi ƙafarta na ciwo, waccan ta ce na kunna za ta suma. Alhali na'urar sanyin ta mutu tun kafin na sayi motar. Sai na riƙa murɗa maɓallin hagu da dama, kowacce ta ce yauwa, Allah ya yi maka albarka.

Sawun ƙarshe na biya Kudai na ɗauki mai dabino daga wurin sana'arta. Ta fito da buhunta a ka.

Na ce, “Baba, buhun nan fa kujerar mutum guda ce. Ki bar wa maƙwabciya ta duba miki.”

Ta ce, “Ɗana, in na bar shi, da na dawo sai dai na tarar da labari.”

Mahaifiyata ta ce, “Sa mata a baya ka daina surutu.” Na sa, motar ta yi wani nishi kamar raƙumin da aka ƙara wa kaya.

Da muka shiga istirahar nan sai da na tsaya. Abokina ya yi ƙoƙari, a ba shi. Darduma mai laushi, sanyi kamar cikin firji, butocin gahawa a jere, ga faranti-faranti na dabino kowace ƙwaya a naɗe cikin takarda mai ruwan zinari. Har da majigi a bango. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, 'yan kwamiti a gaba cikin fararen riguna an goge su har suna yanka ido. Mai dabino ta ja buhunta ta zauna can bakin ƙofa kusa da takalma.

Abokina ya miƙe ya yi sallama, ya kunna majigi, ya buɗe baki zai fara. Sai wata tsohuwa ta yi tari. Wata ta karɓa. Kafin ka ce me, sashen mata gaba ɗaya ya kama tari kamar an turara barkono. Na matsa na raɗa masa, “Gidajen farko ke fara magana, ya mudir, shugaba.” Ya dafe goshi, ya kashe majigi, ya ce, “Afuwan, Hala. Bismillah.” Hala ita ce inna da Larabci.

Mahaifiyata ba ta miƙe ba. Daga zaune ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba.

“Ɗana, na ji ka yi mana doka. Sannu da aiki. Tambaya ɗaya na zo da ita. Wannan doka, ta wa ce?”

Ya ce, “Ta jama'a ce, Hala.”

“To ga jama'a. Wa ka tambaya a cikinsu?”

Ya fara bayani, rabi Hausa rabi Larabci. Ya kawo maganar bene, ya kawo maganar tsufa, ya kawo maganar lokaci. Tana ta gyaɗa kai. Sai ya zo kan takarda, ya ce ai mu da aka haifa a nan, mu 'yan asalin wannan jama'a, mu ya kamata mu riƙe ragamar, sauran kuma za a ci gaba da taimaka musu kamar kullum, ba a kore su ba.

Ta ce, “'Yan asali. Madalla. Ni ce nan 'yar asali, ko akwai wanda ya riga gidanmu?” Ta dubi abokina. “To ni 'yar asalin ba ka tako gidana ba. Ka ɗauki sunana ka rufe wa wasu ƙofa da shi, ni kuma ka bar ni a waje tare da su.”

Ta gyara zama ta ci gaba.

“Kakanka da ya iso garin nan, ko takalmi babu a ƙafarsa, hanya ta cinye. Kakata ce ta zuba masa daga tukunyar nan. Ba ta ce ya nuna takarda ba. Da ya ƙoshi ya wanke tukunyar, ranar ya samu ƙwallo. Asalin ke nan, in asali kake nema. Maganar tsoron matsala kuwa, ƙwallon dabino ba ya ɗauke da sunan kowa.”

Ni a nan na so na yi tafi, sai na tuna furen da na aika, na mayar da hannuna aljihu.

Abokina ya ce, “Tayyib, Hala. A yi yadda aka saba. In mutane sun zaɓi nizami, halas, magana ta ƙare?”

Ta ce, “In sun zaɓa, ni zan fara binsa.”

Aka rataya zane a lungu, aka kwance kwanuka. Aka ce tambayar farko ita ce: kwamiti ya riƙa yin doka shi kaɗai, da waya, da masu takarda? Fari e, ja a'a. Aka ɗauki farantan zinarin nan aka fara zagawa.

Na ɓare nawa na jefa a baki. Laushi, zaƙi, kamar ka yi kuka. Na fara lalube da harshe. Na duba dama, na duba hagu, na zaga kamar mai neman wurin ajiye mota kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi. Babu. Sai wani abu ya yi ƙarass a haƙorina. Daga sashen mata na ji wata tsohuwa ta ce, “La ilaha illallahu, gyaɗa ce a ciki!”

Ba gyaɗa ba ce, lauz ne, ɗan itacen nan da Turawa ke kira almond, amma wa ke da lokacin gyara mata. Ashe abokina, don ya girmama iyaye, ya je kanti mafi tsada ya ce a ba shi dabinon da ya fi kowanne. Aka ba shi wanda aka cire wa ƙwallo aka cusa lauz. Rabonsa da ganin an jefa ƙwallo tun yana ɗan yaro, ya manta cewa a wurinmu ba naman dabinon ne abin nema ba.

Wuri ya ruɗe. Wata ta ce da gangan ne. Wani dattijo ya ce shi dai ya riga ya haɗiye ƙuri'arsa, kuma ta yi daɗi. Na kalli abokina, wallahi ya yi zufa a cikin sanyin nan har rigarsa ta manne. Na ce, “Ya shehi, na sha jin ana satar akwati, amma kai ne na farko da ya sace ƙuri'a tun daga cikin dabino.” Ya ce, “Uskut, rufe baki don Allah,” kamar zai yi kuka. Na san ba da gangan ya yi ba. Mutumin da ko a wasan ƙwallo ba ya iya cuta.

Sai wani ɗan kwamiti ya ce to ai abin ya zo da sauƙi, a ɗaga hannu kawai a ƙirga. Wasu suka fara cewa haka ne, rana tana faɗuwa.

Mahaifiyata ta ce, “A'a.” Ta nuna sashen maza da haɓa. “Rabin mutanen nan a shagunan ɗaya rabin suke aiki. Wa zai ɗaga hannu a kan mai gidansa yana kallo? Zanen can ba ado ba ne.”

Gaskiya ta faɗa, amma gaskiya ba ta tsayar da rana. Istirahar tana bayan gari, kanti mafi kusa in na je da motata sai dai na dawo da dabinon buɗa-bakin azumi mai zuwa. Mai gadin wurin ya riga ya fara leƙowa yana duba agogo. 'Yan Shisha sun fara neman takalmansu. Na ga mahaifiyata ta ɗora hannu a kan murfin jan kwanon. Ban taɓa ganin dabara ta ƙare mata ba sai ranar.

Sai muka ji ana jan abu a kan tayil. Mai dabino ce, ta jawo buhunta daga bakin ƙofa har tsakiyar darduma. Ta durƙusa ta kwance bakinsa. Busasshen dabino ne, irin mai arahar nan da in ka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti. Ta ce, “Nawa dai ba na zinari ba ne. Amma kowanne da ƙwallonsa.”

Jama'a, buhun da na so a bari a Kudai.

Abokina ya yi sauri ya sa hannu a aljihu. Ta ɗaga masa tafi.

“Mayar, ɗana. In ka biya, ƙuri'ar ta zama taka.”

Aka juye dabinon zinari gefe, aka cika farantan da nata. Kowa ya ɗauka. Ita kuwa ta koma bakin ƙofa ta zauna, hannu a cinya, ba ta ɗauka ba. Ai a takardar da aka rubuta ba ta da ƙwallo, kuma ba a riga an soke takardar ba. Ni ban ma lura ba, ina can ina kokawa da nawa dabinon. Abokina ne ya lura. Ya ɗauki faranti da hannunsa, ya ratsa mutane, ya je har wurin takalma ya durƙusa a gabanta da farar rigarsa. Hausarsa ta tashi ba tare da an tura ba.

“Hala, ke za ki fara shiga.”

Ta dube shi, ta dubi mahaifiyata. Mahaifiyata ta gyaɗa kai. Ta ɗauka, ta ci, ta shiga bayan zane. Muka ji ƙwal.

Daga nan layi ya kama. Ni na tsaya kusa da zanen wai ina gyara shi, alhali kunne na kasa, don jan kwanon ya fi zurfi, ƙararsa daban ce. Mahaifiyata ta hango ni ta ce, “Kai, matsa daga nan, munafuki.” Na matsa.

Da aka gama aka juye a kan tabarma, ba a ma buƙaci ƙirga ba. Na ja ya yi tudu, na fari kuwa ko kaza ba za ta tsaya a kansa ba. Abokina ya kalli tudun nan, ya yi murmushi, ya ce, “Halas. Jama'a ta yi magana.” Har yau in na tambaye shi ina ya jefa nasa, sai ya ce zanen ba ado ba ne.

Na miƙe ina shirin yin jawabin nasara, sai mahaifiyata ta ce a sake zagawa da faranti, saura maganar tukwane. A koma sayen abinci daga gidan dafawa, fari. A ci gaba da girki, ja. Nan fa na zage. Na bi sahu ina kamfe a fili: “Ja, jama'a! Tukunyar kakanni! Tukunyar da ta ciyar da rabin Makka!” Har na ce shinkafar gidan abinci ba ta kai ladan mamaci. Wani malami ya harare ni, na janye wannan.

Aka juye. Fari ya yi tudu.

Na tsaya baki buɗe. Aka dai yarda a bar babbar tukunya don girkin Sallah in an samu fili, sauran a raba wa masu bukata. Aka kira magariba, aka yi salla, aka watse kowa na dariya, ni kaɗai nake kumbure.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, “Umma, kin ga mutane ko? Maciya amana. Na ƙona mai, na kwaso su tun daga Shisha, suka ci dabino suka sayar da tukunyarki.”

Tana kallon titi ta ce, “Ni ma fari na jefa.”

Saura kaɗan na hau kan shingen hanya.

“Umma! Fari?”

“Bayana ya gaji. Shekara nawa ina juya shinkafar mutum ɗari? Yaron nan ya yi gaskiya a kan tukwane.”

“To duk wannan wahalar ta mece ce? Ai abin da ya rubuta ke nan tun farko!”

Ta juyo ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yaro in na sa riga a bai-bai.

“Ni ban ce kar a canza ba. Cewa na yi a tambaye ni.”

Daga kujerar baya mai dabino ta ce, “Ni dai ja na sa, ina son ƙanzo.” Suka fashe da dariya su biyu, motar ma ta tuntsire ta mutu a tsakiyar titi, sai da na fita na tura.

Na daɗe ina juya maganar nan. Ni ɗan titi ne, a da ina ɗauka rigima ita ce ka ci ko a ci ka. Ranar na gane akwai abin da ya fi cin nasara, wato a san kana nan. Abokina ya kawo gyara mai kyau, amma ya so ya bi ta saman mutane don ya yi sauri, kuma da ya wuce a haka, ko abincin ya fi na gidan sarki daɗi, da ɗaci za a riƙa cin sa. Abu ɗaya ne aka yanke a ƙarshe, amma na farko an yi mana ne, na biyu mu muka yi. Duk lokacin da na ji a rediyo ana rigima a wata ƙasa kan an sauya doka cikin gaggawa ba a ji ta bakin masu wuri ba, sai na ce da ma a ara musu tsohuwata da kwanukanta na yini ɗaya.

Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. A zaman makokinta daga gidan dafa abinci aka kawo shinkafa, kamar yadda ta jefa. Mai dabino ta zo da sosonta duk da haka, ta rasa abin wankewa, ta kama butocin gahawa ta wanke su har suna ƙyalli. Kwanukan suna hannun yayata. Zauren waya yana nan, amma aikinsa sanar da ranar taro ne kawai, kuma kafin a sa komai a ciki sai abokina ya hau matakala har hawa na uku yana haki ya gaya wa yayata baki da baki.

Shi ke sayen dabinon taro har yanzu. A Kudai yake saye, a bakin hanya. Kuma kafin a zaga da faranti, sai ya ɗauki ɗaya ya gatsa a gaban kowa, ya ciro ƙwallon ya ɗaga sama kamar wanda ya ci kofi. Ni kuma daga can bayan taro nake ɗaga murya: “A duba da kyau, jama'a, mutumin nan yana da tarihi!”